Wa ya ƙirga gawon gonarmu?

Mu da aka haifa wajen shekarar 2004 zuwa 2006 ba mu san babban fari ba sai a bakin manya. Kakanninmu ne ke ba da labarin farin 1973, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar mashaya, iyayenmu kuma su ɗora da na 1984. Abin da mu muka buɗe ido muka gani shi ne ruwa. Mun ga katangar ƙasa ta jiƙe ta zauna a watan Agusta, mun ga gero ya kwanta cikin taɓo saura makonni a girbe shi. Amma a aji, tun daga firamare har sakandare, darasin da muka haddace guda ɗaya ne: hamada tana kwararowa daga arewa, tana cin ƙasarmu shekara bayan shekara. A takardar jarrabawa muna rubuta rairayi, a gida kuma muna kwashe ruwa daga tsakar gida da bokiti.

Yanzu da wasunmu 'yan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura muka shiga jami'a, muka fara cin karo da binciken da masana ilimin ƙasa da muhalli suka fitar a 'yan shekarun nan, mun ga cewa abin da manya suka gani gaskiya ne, abin da muke gani mu ma gaskiya ne. Muna so mu kawo wa ƙannenmu da ke sakandare kaɗan daga cikin abin da muka karanta, domin maganar gonakin gidajenmu ake yi.

Tsoron kwararowar hamada ya girme mu, ya girmi iyayenmu. A 1934 wani Bature masanin gandun daji mai suna Stebbing ya zagaya arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ya koma ya rubuta cewa Sahara tana tunkaro ƙasar Hausa. Maganar ta tayar da hankalin masu mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin da ya bi kan iyaka a 1936 da 1937 don ya gani da idonsa. Kwamitin bai sami shaidar cewa rairayin Sahara yana tafiya kudu ba. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, kuma da farin 1973 ya zo sai ta dawo da ƙarfinta. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari, ta riƙa mayar da hasken rana sama, ruwan sama kuma ya ragu. Daga nan laifin fari ya koma kan manomi da makiyayi.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1991 Compton Tucker na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, da abokan aikinsa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 zuwa 1990. Suka ga iyakar Sahara tana matsowa kudu a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ta koma arewa a shekarar da damina ta yi kyau. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban abin da ya jawo farin yankin Sahel shi ne sauyin zafin ruwan tekuna, can nesa da mu. Wasu binciken da suka biyo baya sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya sa hadarin damina ya kasa hawowa arewa yadda ya saba. Wato kakanmu da ya rasa shanunsa a 1973 ya biya bashin da ba shi kaɗai ya ci ba.

Ko sunan jiharmu ma yana ɗauke da wannan darasi. Jigayin da ke gabashin Jigawa tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta tara a wani zamani mai tsananin bushewa, dubban shekaru da suka wuce. Bayan wannan zamani sai aka yi na ruwa, har Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Ƙasar nan ta ga fari ta ga ruwa tun kafin a kafa garuruwanmu. Wannan ba ya nufin ƙasa ba ta lalacewa. Duk wanda ya ga gonar da aka yi shekaru ana nomawa babu taki, ko filin da iska ta share samansa ya bar tsandauri, ya san tana lalacewa. Sai dai lalacewar a cikin gona take farawa, daga yadda ake riƙe ta, kuma a nan ne ake iya gyara ta.

Binciken da ya fi burge mu shi ne na ƙirga itatuwa. A da, taswirar dazuzzukan duniya ba ta ganin irin itatuwanmu, domin ba a cunkushe suke ba. Gawo ɗaya a nan, kuka ɗaya a can, tsamiya a bakin hanya. Hoton tauraron da ba shi da kaifi yakan nuna wurin a matsayin fili fetal. Sai wani masani a Jami'ar Kofanhegan ta ƙasar Denmak, Martin Brandt, ya zauna ya zana kewayen itatuwa kusan 90,000 da hannunsa a kan hotuna masu kaifi, aka koya wa kwamfuta yadda za ta gane kan itace da inuwarsa. A 2020 suka fitar da sakamako a mujallar kimiyya ta Nature: itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yankin da bai wuce murabba'in kilomita miliyan 1.3 ba, a yammacin Sahara da Sahel, inda mutane da yawa suke zaton babu komai sai rairayi.

A 2023 aka faɗaɗa aikin. Tucker da Brandt da abokan aikinsu suka duba hotuna fiye da 300,000, suka ƙirga itatuwa biliyan 9.9 tun daga tekun Atlantika har Bahar Maliya. Yankin da suka duba ya haɗa da namu. Ke nan a cikin wata kwamfuta da ke wata ƙasa mai nisa akwai ɗigon da ke wakiltar gawon gonar gidanmu, an auna faɗin kansa, an kimanta nauyin itacensa da saiwarsa. Mu da muka sha inuwarsa tun muna yara, da yawanmu ba za su iya faɗin itatuwa nawa ne a gonar mahaifinsu ba.

Akwai wani abu da waɗannan masana suka gano wanda ya kamata kowane ɗan manomi ya sani. A wani bincike na 2018 sun nuna cewa a busasshen yankin Sahel, gonakin da ake nomawa sun fi dajin da ba a nomawa yawan itatuwa. A shekarar dai, Muhammad Usman da Janet Nichol suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraro na gonakin da ke kewaye da Kano, suka ga itatuwa sun ƙaru ƙwarai duk da yadda jama'a suka ƙaru. Tun kafin su, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nuna cewa manomin ƙasar Kano yana tattalin itace da taki fiye da yadda ake zato. Inda itace yake da mai shi, yana rayuwa.

Amma idan muka kai wannan labari gida, tsofaffi sukan girgiza kai. Sukan ce ina ɗorawar da ke bayan gari, ina kanyar da muke tsinka muna yara? Su ma ba su faɗi ƙarya ba, kuma binciken bai ƙaryata su ba. Abin da ya ƙaru da yawa shi ne darbejiya, baƙuwar bishiya mai saurin girma, yayin da wasu itatuwan gado suke raguwa. Tauraro yana ganin kore, ba ya tambayar wane itace ne. Darbejiya tana ba da inuwa da itacen girki da azara, amma ba a yin daddawa da 'ya'yanta, ba a kaɗa miya da ganyenta. Uwar da ke sayar da kalwa ko garin kuka don ta saya wa 'yarta littafi ita ce ta san bambancin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gawo kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da yake buƙatarta, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saya da tsada a buhun takin zamani. Da rani dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona. Masana sun auna sun tabbatar da abin da manomi ya riga ya sani.

Mutanen Babura ba sa buƙatar a ba su labarin abin da gawo zai iya yi, domin daga Baban Mutum ana tsallakawa sai ƙasar Magarya a jihar Damagaram. A Magarya da Matamaye da Mirya ne masu bincike, ciki har da ɗan Nijar Mahamane Larwanou da Chris Reij, suka tarar da gonaki cike da ƙananan gawo waɗanda ba wanda ya dasa. Manoma ne suka daina tumɓuke tsiron da ke fitowa da kansa. A Maradi kuma, tun 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da ake sharewa a gona kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Idan lokacin sassabe aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya. A can suna kiran wannan sassaben zamani. An kimanta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Babban abin da ya taimaka shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, har a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar masa da wannan haƙƙi.

Jigawa tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Dashen itace abu ne mai kyau, kuma muna yaba wa masu yin sa. Amma duk mun san abin da ke faruwa da tsiron da aka dasa a bikin dashen itatuwa aka tafi aka bar shi da awaki da zafin bazara. Kututturen sabara ko kalgo ko gawo da ke cikin gona ya riga ya kafa saiwa mai zurfi, ba ya neman ban ruwa, ba ya neman kuɗi. Wuƙa kawai yake nema da haƙuri.

Sai maganar ruwan da muka tashi a cikinsa. Tun daga shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa a yankin Sahel, amma ba ta dawo da halinta na da ba. A 2017 Christopher Taylor, wani masani a Ingila, da abokan aikinsa suka duba hotunan gajimare na shekara 35, suka ga cewa manyan hadurra mafiya ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Wannan bambancin zafi yana ƙara ƙarfin iskokin da ke sama, su kuma su haɗa hadari mai girma wanda zai juye ruwa mai yawa cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa a damina ɗaya manomi zai iya yin kukan tsayawar ruwa a watan Yuni, ya yi kukan ambaliya a watan Agusta.

A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wahala. Kafin shekarar ta ƙare, wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa da ke binciken hannun ɗumamar yanayi a cikin bala'o'i ta fitar da sakamakonta. Ta ce ɗumamar da hayaƙin ɗan'adam ya jawo ta sa yiwuwar samun irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi ta ninka kusan sau 80, ruwan kuma ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Shekara biyu bayan haka, a Satumbar 2024, madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri.

A yankinmu wannan magana tana da nauyi na musamman saboda irin ƙasarmu. Gabashin Jigawa shimfiɗaɗɗen rairayi ne da laka, amma Kazaure da Roni suna zaune ne a kan tsohon dutse, da tuddai da gangara. Dutse ba ya shan ruwa. Bari mu yi lissafi kaɗan. Milimita 1 na ruwan sama yana nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, hekta ɗaya ta karɓi lita 500,000, wato duro 2,500 mai cin lita 200. Idan gangaren yana da ciyawa da itatuwa, wani kaso zai tsaya ya nutse, ya je ya ciyar da rijiya. Idan tsirara yake, ruwan zai gangaro gaba ɗaya, ya kwashi ƙasar gona, ya haƙa kwazazzabo, ya kai yashin ya zube a rafi ko a madatsar ruwa. Masu bincike a Nijar sun daɗe da lura da wani abin mamaki: ko a shekarun fari, ruwan da ke gudu a wasu rafukan Sahel ƙaruwa ya yi, domin ƙasar da aka share ta yi ɓawo ta daina sha. Ashe maganar itace da maganar ambaliya magana ɗaya ce.

To, ina mu a cikin wannan duka? Idan ka duba sunayen da muka ambata za ka ga mafi yawansu daga nesa suke. Ba laifinsu ba ne, sun yi aiki kuma mun amfana. Amma tauraro yana da iyaka. Ba zai gaya maka milimita nawa aka yi a Gwiwa daren jiya ba sai da kimantawa, kuma kimantawar tana buƙatar ma'aunin da ke ƙasa don a gwada ta. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sha faɗa cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata a samu ba. Hukumarmu ta NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma hasashen zai fi amfani idan akwai alƙaluma daga ƙauyuka da yawa. Hadari yakan zuba a Kazaure ya bar Roni a bushe, kowa ya san haka. Wanda ba ya aunawa ba zai iya nuna wa kowa ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Ma'aunin ruwan sama gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A kafa shi a fili nesa da rufi da bishiya, kowace safiya a lokaci ɗaya a sa rula a auna zurfin ruwan, a rubuta a littafi da kwanan wata, a zubar. Makaranta ɗaya ta yi haka shekara biyar ba fashi, ta mallaki abin da babu wanda yake da shi game da garinta. Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Hussaini Adamu, muna da jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa da Kano. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a aikin kammala karatu zai yi murna da irin wannan littafi fiye da kwafar abin da wani ya rubuta a intanet.

Haka ma ƙirgar itace. A hutun nan kowannenmu ya shiga gonar gidansu da biro da takarda, ya rubuta gawo nawa, kuka nawa, ɗorawa nawa, darbejiya nawa, da tsiro nawa ne ƙanana da ke tasowa. Ya zauna da kakansa ko kakarsa ya tambaye su waɗanne itatuwa ne suke nan a da waɗanda yanzu babu, da abin da ake yi da su. Wannan ilimi ba ya cikin kowace kwamfuta, kuma duk tsohon da ya rasu ya tafi da nasa kason. Idan aka tarar gona tana da manyan gawo biyar amma babu ƙarami ko ɗaya, to gonar ta faɗi abin da zai same ta nan da shekara talatin.

Mun san ba mu ne masu gona ba tukuna. Ba za mu je mu tsaya a gaban Baba muna koya masa noma ba, shi da ya yi damina arba'in a gonar. Amma lokacin sassabe mu ake bai wa adda da gatari. Babu rashin ladabi a ce, Baba, a bar mana wannan tsiron mu raine shi. Mun kuma san matsin da ake ciki: iskar gas ta yi tsada, kalanzir ya fi ƙarfin talaka, gawayi da itace su ne abin girkin mafi yawan gidajenmu. Ba za a ce wa uwa ta daina dafa tuwo ba. Sai dai reshen da aka datse daga itacen da ake raino shi ma yana hura wuta, kuma baɗi za a sake samun wani a wurin.

Nan da shekara goma ko sha biyar, mu ne za mu zama malaman makaranta, malaman gona, injiniyoyin da za su auna faɗin kwalbati, da magidantan da za su yanke shawarar inda za a kafa gida. Idan muka gina kwalbati da lissafin ruwan shekarun fari, hadarin yanzu zai tafi da shi. Idan muka share kututture saboda muna jiran a kawo mana tsiro a mota, za mu daɗe muna jira. Daminar bana ta isa a fara: gwangwani ɗaya a filin makaranta, littafi ɗaya a hannun shugaban aji, da reshe biyu da za a bari a kowane kututture.